Zoben da Na Buɗa wa Ƙanwata

Da ana mayar da aiki baya kamar yadda muke mayar da ƙarfe wuta mu sake shi, abu guda zan mayar: zoben ƙwallon kwando da na buɗa wa ƙanwata a bayan gidanmu na Aliero. Ba sata na yi ba, ban kuma doki kowa ba. Rodi kawai na ƙara wa tsawo. Amma ga ni yau da furfura, ita ma ga ta da jikoki, in na tuna sai dariya ta kama ni, in ta sake ni kunya ta karɓa.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a yanke mana tamu ba. Ni mai walda ne a Jega, ina da rumfa bakin hanyar da motocin kasuwa ke bi. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Ƙanwata ce Allah ya buɗa wa kai, ta yi ta wucewa har jami'a. Babanmu manomin albasa ne, kuma duk dillalin da ya zo sayen buhu sai ya ji cewa ɗiyarsa na jami'a kafin ya ji farashi. Abin da Baba ba ya faɗa wa dillalai shi ne tana cikin ƙungiyar 'yan matan jami'ar masu wasan ƙwallon kwando. Ga wanda bai taɓa gani ba, zobe ne na ƙarfe a kafe jikin allo can sama, da raga a ƙarƙashinsa, ana jefa ƙwallo ta faɗa ciki. Wanda ya fi jefawa shi ya ci.

Duk shekara jami'o'i kan haɗu su yi gasa, kuma duk shekara ƙungiyarsu kan je ta dawo. Ba su taɓa cin wasa ko ɗaya ba. Ita da kanta take ba mu tarihin in ta zo hutu, tana tsaye a tsakar gida tana kwaikwayo, mu kuwa muna riƙe ciki. Shekarar farko motarsu ta lalace a hanya, suka sauka da ƙafafu a kumbure suka tarar da wasu 'yan mata dogaye kamar giginya, aka yi musu cin da ko alƙalin wasa sai da ya tausaya. Shekara ta biyu sun je da sababbin takalma da ba su taɓa sawa ba, suka gama wasa suna ɗingishi. Ta uku ce ta fi mata ciwo, don sun yi kusa. Ta ce sau da yawa ƙwallo ta zo hannunta tana ƙarƙashin zobe, ta jefa ta ƙi shiga.

Hutun damina na ƙarshe ta zo gida ba ta kwaikwayon kowa. Shekara guda ta rage mata, gasa guda kenan. Ta same ni ina wanke babur a ƙofar gida.

"Yaya, zobe nika so ka yi min."

"Na hannu ko na kunne?"

"Na kwando. Ka kafa min shi bayan gida. Ba ni barin makarantar ga ban ci wasa ko guda ba. Ko guda, Yaya."

Ta ba ni awon faɗinsa da na tsawonsa daga ƙasa, ta maimaita har na ce na ji. Baba ya yarda bisa sharaɗi: a yi abin cikin katanga, a filin da muke shanya albasa da rani, wanda da damina ba ya komai sai tara kaji. Na lanƙwasa rodi daidai yadda ta ce, na shafa masa jan fenti. Allon kuwa katakon tsohuwar bodin mota ne. Inna ta kwance buhun albasa ta saƙa raga, ta kuma tara maƙwabta suka yi wa filin daɓe da waƙa da guɗa, kai ka ce ɗakin amarya ake shiryawa. Sai ga abokiyar wasanta ta iso daga Maiyama da jakarta, wata doguwa mai yawan shiru, ta ce nan za ta yi hutun.

Makon farko ban ji daɗin kallo ba. Ƙanwata ta jefa, ƙwallo ta daki bakin zobe ta yi waje. Ta sake, ta zagaya bakin kamar za ta shiga, ta fasa. Matan unguwa da suka zo kallo da tabarmi suka fara hira da juna. Wata gwaggonmu ta ce, "Ke ɗiyar ga, in ba ya shiga ki kawo tsani mana." Aka yi dariya, ita ma ta yi, amma da aka watse na gan ta zaune a kan ƙwallo ta haɗa kai da gwiwa.

To, ga yadda muke a sana'armu. In aka kawo maka ƙyaure ya ƙi shiga firam, ba ka zagin ƙyaure, sai ka buɗa firam. In tukunya ta ƙi zama a murhu, sai ka saki bakin murhu. Maigidana da ya koya mini walda kullum yana cewa a bar wa abu sarari, ƙarfe ba ya son matsi. Hannuna ya saba da haka tun ina yaro. Da na koma Jega na tsaya ina kallon ragowar rodin, sai na ji hannuna ya riga kaina yanke shawara. Na lanƙwasa wani zoben, na ƙara masa faɗin yatsa guda, na shafa masa jan fenti iri ɗaya.

Ranar kasuwar Jega 'yan matan kan bi Inna sayayya. Ina ganin sun sauka daga mota sun shige cikin 'yan hatsi, na rufe rumfa, na rataya zoben a wuya ƙarƙashin babbar riga, na hau babur sai Aliero. A hanya wani abokina ya tsayar da ni mu gaisa, ya dube ni ya ce, "Kai, mi ya samu ƙirjinka?" Na ce sanyi ne. Ya ce Allah shi sawwaƙe, irin wannan sanyin bai taɓa ganin mai kusurwa ba. Da na isa gida na kwance noti huɗu, na sauke na gaskiya, na ɗaura nawa, na mayar da ragar Inna. Kaji kaɗai suka gani.

Washegari ƙwallo ta fara shiga. Ba duka ba, amma waɗanda da suke zagaya baki su fita, yanzu sai su zagaya su faɗa. Ƙanwata ta yi tsalle ta rungume 'yar Maiyama. Da na shigo da yamma ta tare ni tun daga zaure.

"Yaya, hannuna ya dawo."

"Da ina ya tahi?"

"Oho. Ya dai dawo. Zo ka gani."

Na gani. Na kuma ga fuskarta, wadda rabon da in gan ta haka tun tana ƙarama ina kawo mata alewa daga kasuwa. Da na tsaya nan, da wataƙila laifin bai kai a rubuta ba. Amma wanda ya ga yatsa guda ya yi wannan aiki, me zai hana shi tunanin yatsa biyu? Kasuwa ta zagayo, na sake rataya wani a wuya. Ta kuma zagayowa, na sake. Ban taɓa ƙara abin da ido zai kama a rana guda ba. A hankali nake yi, yadda yaro ke girma a gaban uwarsa ba ta gani.

Kafin gero ya fitar da kai, gidanmu ya zama wurin biki. Ƙanwata tana jefawa daga kusa, daga nesa, daga gindin rumbu. Ta jefa da hannun hagu. Ta rufe ido ta jefa. Kowace ta shiga sai guɗa ta tashi, har malamin makarantar allon da ke bayan katangarmu ya aiko a tambaya ko haihuwa ake yi kullum a gidan. Gwaggon nan mai maganar tsani ta ɗaure zani ta ce a ba ta ita ma. Ta jefa da hannu biyu daga ƙasa kamar mai watsa wa kaji tsaba, ta shiga. Ta zauna a ƙasa tana dariya tana cewa a kai ta jami'a. Inna ta jefa, ta shiga. Wata mai tallan fura ta ajiye ƙwarya ta jefa, ta shiga, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi ba ta ko waiwaya ba, kamar abin da take yi kullum.

Baba ma bai tsira ba. Wata rana bayan la'asar na leƙa ta kan katanga na same shi shi kaɗai a filin, ya naɗe hannun riga, ya dubi dama da hagu, ya jefa. Ta shiga. Ya gyara hula ya fito zaure yana cewa, "Ashe abin a jini yake." Daga ranar dillalai suka fara jin labarin ƙwallo kafin farashi.

Mutum guda ce ta kusa tona ni. 'Yar Maiyama ta tsaya wata rana ƙarƙashin zoben ta daɗe tana kallonsa.

"Yaya, wanga zobe kamar ya fi na makaranta sakin fuska."

Na ce, "Iskar Aliero ce. Komi namu da faɗi yake, dubi albasarmu."

Ƙanwata ta ce, "Ke dai hassada kika yi. Miƙo ƙwallo."

Aka yi dariya, maganar ta wuce. Ni ma na yi dariya, har na fi kowa.

Da suka koma makaranta, sai aka ce ana gyaran filin wasansu, don haka gudu da miƙa wa juna ƙwallo kawai suka yi ta yi har gasa ta zo. Ƙanwata ta gaya wa mai horar da su cewa duk ƙwallon da aka samu a miƙo mata. 'Yar Maiyama ta ba da shaida cewa ta ga tana jefawa ido rufe. Aka tsara wasan duka a kanta.

A shekarar an sa gasar a wani gari da motocin albasarmu ke bi. Baba ya ce in je in gano masa da idona. Na hau saman buhuna, na isa ina warin da ko a masallaci sai da aka bar mini sahu ni kaɗai. Na shiga filin da sabuwar hula, ina gaya wa duk wanda ke kusa da ni cewa mai lamba kaza ƙanwata ce, ni na yi mata zoben da ta koya da shi. Sai na ɗaga kai na ga nasu zoben.

Ɗan mitsitsi. Kamar awarwaro. Na san awonsa, don ni na lanƙwasa irinsa da hannuna kafin in fara wayo, amma idona ya saba da nawa har na manta. Na cire sabuwar hular na sa a aljihu.

Aka busa usur. 'Yan matanmu suka fito da dogayen wanduna da ɗankwali a ɗaure tam, suna gudu kamar an sako su daga turke. Ƙwallo ta zo hannun ƙanwata, ta yi tsalle da wannan sakin jikin na bayan gidanmu, ta jefa. Ta daki bakin zobe ta yi waje. Ta yi murmushi, ta ɗaga hannu wai a yi haƙuri. Ta biyu ma haka. Ta uku ta zagaya baki ta fita. Ni kaɗai a filin nan na san cewa kowace ɗaya daga cikinsu ta sauka daidai inda yatsuna suke, a sararin da na ƙara, wanda babu shi a nan. A Aliero da duk guɗa ce.

Wani da ke gefena, wanda na cika wa kunne ɗazu, ya ce, "Malam, ita ce mai lamba kazan?" Na ce ban ga lambar da kyau ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci an ba su rata mai yawa. Ƙanwata ba ta zauna ba. Ta je ƙarƙashin zoben ta tsaya tana kallonsa, kamar yadda 'yar Maiyama ta taɓa yi a gida. Ta ɗaga ƙwallo sama ta gwada da ido. Sannan ta juyo tana bin 'yan kallo ɗaya ɗaya har ta same ni. Ina jin warin albasa ne ya nuna mata wurin. Ta tako har bakin igiyar da ta raba mu.

"Yaya."

"Na'am. Sannu da ƙoƙari."

"Zoben gida. Awon da na ba ka ka yi?"

"Shi na yi. Da farko."

"Da farko."

"Na ga yana matse miki, shi ne na ɗan buɗa."

"Nawa?"

Na ɗaga yatsa guda. Ta ci gaba da kallona. Na ƙara na biyu. Ba ta ƙifta ba. Na ƙara na uku, na huɗun ma ya bi su da kansa. 'Yar Maiyama da ta biyo ta ta ce, "Iskar Aliero," ta juya ta rufe baki da ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Ƙanwata ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce, "To. Yanzu na san da wa nika wasa." Ta koma.

Abin da na gani bayan nan har yau ban ga irinsa ba. Ta daina jifan nesa. Ta dinga kutsawa har gindin allo, tana buga ƙwallo a jikin katako ta faɗa. In an tare ta sai ta miƙa wa 'yar Maiyama, wadda tsawonta ya sa ba ta dogara da faɗin zobena sosai ba. Ratar ta fara raguwa. Na mayar da hulata. Na hau kan benci. Mutumin gefena ya ce, "Yanzu ka ga lambar?" Na ce tun tana goye na san ta. Direbobin albasa biyu da suka biyo ni don su ga abin dariya suka kama buga galan. Mutanen da ba su san inda Aliero take ba suna kiran sunan garinmu. Na yi ihu har muryata ta tafi, na ci gaba da buɗe baki ba sauti.

Saura kwando guda su kamo, lokaci ya kusa cika, ƙwallo ta zo hannunta tana nesa, ba hanyar kutsawa, ba wadda za ta miƙa wa. Dole ta jefa daga inda take. Daga nan ne take jefawa a gindin rumbu ido rufe. Wannan karon idonta a buɗe yake. Ƙwallo ta tashi da kyau, ta sauka a bakin zobe, ta zagaya shi a hankali kamar mai neman ƙofa, ta faɗo waje. Usur ya tashi.

Yatsa guda ya rage. Da damina guda ta yi tana faɗa da zoben gaskiya, da hannunta ya nemo wannan yatsan da kansa. Ni na hana shi nema.

Da hutu ya zo ta sa na sauke zoben a gaban kowa. Baba ya karɓa ya juya shi, ya ɗauko faifan Inna ya saka a ciki, faifan ya wuce ba tare da ya taɓa gefe ba. Ya ce, "Wanga ai ko ɗan akuya anka jefa ya shiga." Sai kuma ya ce, "Kenan nawa jifan ma..." Bai ƙarasa ba. Gwaggo ta ce ita dai tata ta shiga, kuma ba mai karɓe mata. Aka yi ta dariya har da hawaye. Ƙanwata ma ta yi, amma ta riga kowa dainawa.

Ta tambaye ni ina na gaskiyar. Na kai ta Jega. Mai shayin da ke kusa da rumfata ya daɗe da karɓarsa, ya sa na yi masa ƙafafu uku yana ɗora tukunya. Muka jira ruwansa ya tafasa, na yanke ƙafafun, na kankare baƙin hayaƙi, na mayar da shi bayan gida tana tsaye tana kallon kowane noti.

Damina ta gaba 'yar Maiyama, da yake ita saura shekara guda gare ta, ta dawo gidanmu da wasu 'yan wasan biyu. Ƙanwata ta gama makaranta, ita ce ke tsaye da usur tana ba su wuya. Ba guɗa a wannan hutun, matan unguwa sun ce wasan ya lalace. A gasar shekarar ƙungiyar ta ci wasanta na farko tun da aka kafa ta. 'Yar Maiyama ta zo da kanta ta faɗa mana, tun daga bakin hanya take kiran Inna. Ƙanwata ta rungume ta suna tsalle suna juyi har suka ture tulu. Da suka lafa, tana share ido, ta dube ni ta ce, "Sun ci, Yaya. Ba ni ciki." Ba da zafi ta faɗa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta yi koyarwa shekaru masu yawa har ta yi ritaya. Ba ta taɓa ɗaga mini maganar da fushi ba. Sai dai har yau in na je gidanta aka kawo fura, nawa kofin daban ne, wani mai ƙaramin baki da ludayi ba ya shiga. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Yi haƙuri, Yaya, awon gaskiya ne." Jikokinta su yi ta dariya ba su san dalili ba.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan, musamman masu aikin hannu irina da muka saba gyara wa mutane abu ya zo musu da sauƙi. In naka yana koyon abin da zai je ya yi a gaban duniya, ka gan shi yana jefawa tana fita, ka kawo masa ruwa, ka tsinto masa ƙwallo, ka zauna ka ji haushi tare da shi. Amma don Allah ka bar zoben yadda aka ba ka awonsa. Kada ka yi irin tawa.